Ku Tambaya Mu Amsa: Yadda Ake Auna Yaran Besbol Na Sakandare A Amurka

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon besbol ne ya cika akwatin namu, abin har ya ba ni mamaki, ashe akwai masu bin wasan nan a cikinmu shiru kawai suke yi. Kusan duk tambayoyin waje ɗaya suka nufa, wato yaya ake gane yaron sakandare zai yi nisa a wasan tun gemu bai fito masa ba. Na ɗauki biyar, sauran a yi min haƙuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Amurka ne, ɗana shekararsa 16 kuma tun yana ƙarami yake besbol, ni kuwa wallahi har yau ban gama gane wasan ba, zuwa nake in zauna in na ga ana tafi ni ma in tafa. Watan jiya na biya kuɗi ya je wani taron gwaji, ya dawo da takarda: gudun yadi 60 sakan 6.9, ƙarfin bugu mil 88, jifa daga bayan fili mil 83. Shi sai murna yake, ni ban san ko abin murnar ba ne. Don Allah a fassara min.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, kar ka fasa tafin, amma zo mu bi takardar layi-layi.

Yadi 60 ɗin nan ba haka kawai aka tsinto shi ba. Tsakanin kowace tasha (wuraren da mai bugu ke zagayawa a guje yana takawa) da ta gabanta a filin besbol ƙafa 90 ne, tasha biyu ƙafa 180 kenan, shi ne yadi 60, wajen mita 55. Sakan 6.7 zuwa 6.9 shi ake ɗauka matsakaicin gudu ko a wajen ƙwararru, wanda kuwa ya sauko ƙasa da 6.5 nan take za ka ga masu rubutu sun ɗago kai suna neman lambar da ke bayan rigarsa. To ka ga 6.9 a shekara 16 ba abin kunya ba ne ko kaɗan. Sai dai fa a cikin wasa babu mai gudun yadi 60 a miƙe sambal, akwai shan kwana, akwai tashi a guje bayan ka gama juya jiki ka yar da kulki, shi ya sa tsofaffin hannu suka fi yarda da agogon da suka danna da babban yatsansu, daga ƙarar kulki a jikin ƙwallo zuwa sanda ƙafar yaro ta taka tashar farko. A nan mai bugu ta dama matsakaicinsa sakan 4.3 ne, bahago 4.2 don shi inda yake tsayawa ya fi kusa da tashar. Wanda ya yi 4.0 ta dama sai a ce masha Allah.

Mil 88 kuma saurin da ƙwallo ta bar kulkinsa ne, mil a awa ɗaya, kamar kilomita 142. Amma ka tambaye shi yaya aka auna, a kan ɗan turken roba aka ɗora masa ƙwallon tana zaune tana jiransa ko jefo masa aka yi, kuma da kulkin ƙarfe ne ko na katako? Duk yana canza lissafi. A babban lig ɗinsu na MLB, inda tun 2015 aka kafa na'urorin Statcast a filayen ƙungiyoyi 30 ɗin duka, sai bugu ya kai mil 95 ake kiransa mai ƙarfi, kuma su ba ƙwallon da ke zaune suke duka ba, wadda ta taho da mil 94 ce tana lanƙwasa. Jifansa na 83 shi ma ba laifi, tsaka-tsaki ne, hannu yana ƙara ƙwari in jiki ya cika.

Yanzu ga inda nake so ka kula. Masu farautar 'yan wasa, waɗanda can ake ce musu sikawut, abu biyar suke dubawa a jikin ɗan wasan da ba mai jifa ba: gudu, ƙarfin hannu wajen jifa, ƙarfin bugu, iya tsaron fili, da kuma iya bugun kansa wato sau nawa kulkinsa ke samun ƙwallo yadda ya kamata. Kowanne suna ba shi maki daga 20 zuwa 80, tsarin da ake dangantawa da Branch Rickey, mutumin nan da ya kawo Jackie Robinson ƙungiyar Dodgers. Maki 50 ba rabin maki ba ne irin na jarrabawa, 50 na nufin daidai da matsakaicin ɗan wasan MLB, 60 ya fi yawancinsu, 80 kuwa sai an tona. Kuma maki biyu suke rubutawa, na yau da na gobe, misali 30 da 55, ma'ana yau dai bai kai ba amma ina hasashen nan da shekara biyar zai wuce matsakaici. Wannan na biyun shi ne ainihin sana'ar, shi ake biyansu albashi dominsa.

To takardar ɗanka uku ta taɓa a cikin biyar, kuma ukun da suka fi sauƙin aunawa. Biyun da suka rage agogo ba ya kama su. Akwai Billy Hamilton, Cincinnati Reds suka ɗauko shi daga wata sakandare a Misisipi a 2009, gudu kam 80 cif, a 2012 ya saci tasha 155 (wato rugawa tasha ta gaba ba tare da an buga ƙwallo ba) a ƙananan lig, tarihin da har yau ba a karya ba. Amma da ya hau babban lig sai bugu ya riƙa ba shi wahala, su kuma 'yan wasan suna da wata magana cewa tashar farko ba a satarta, sai ka buga kafin ka isa can.

Shawarata, ka ajiye takardar, bayan wata takwas ko shekara ya sake gwadawa a ga inda lambobin suka motsa. Zuwa kowane taron gwaji da aka turo maka tallarsa a imel asarar kuɗi ce kawai, lamba ba ta canzawa a sati uku.

TAMBAYA: Malam ni ɗan kallo ne ta intanet. Na ga yanzu komai na'ura ce ke aunawa, har sau nawa ƙwallo ke juyawa a iska. To me ya sa ƙungiyoyi ke ci gaba da biyan dattawa suna yawo a mota daga wannan makaranta zuwa waccan da ɗan littafi a hannu? Ba ɓarnar kuɗi ba ce?

AMSA: Ɗan'uwa ai su kansu ƙungiyoyin sun yi wannan tunanin, wasu ma sun rage dattawan sosai sun zuba kuɗin a bidiyo da kwamfuta. Kuma gaskiya na'urorin sun yi aiki, TrackMan da Rapsodo za su gaya maka saurin jifa da juyawarta da inda ta karkata, akwai ma ɗan abin da ake maƙalawa a gindin kulki ya auna saurin lilonsa. Amma duk wannan abin da ya faru yau suke faɗa maka. Yaro ɗan 17 kuwa ba don yau ake sayensa ba.

Bari in nuna maka yadda aikin yake. Kowace ƙungiya tana da mai kula da yanki, a ba shi jiha ɗaya ko biyu ko uku, shi zai san kowane koci da kowane fili. In ya ga yaron da ya yi masa sai ya rubuta rahoto, a turo na sama da shi wanda aikinsa kwatanta yaran yankuna daban-daban, in shi ma ya gamsu sai daraktan sashen ya zo da kansa. In ka kalli bidiyon wasan da babban mai jifa zai fito, duba bayan raga, za ka ga mutum ashirin ko fiye da hulunan rana, yaro na ɗaga ƙafa duk su ɗaga na'urar auna gudu lokaci guda kamar an ba su umarni, ƙwallo na faɗawa safar mai cafewa su sauke su duƙa su rubuta. Wannan kowa na gani. Abin da ba a nunawa shi ne mutumin ya iso tun awa biyu kafin wasa, ya ga yadda yaron ya sauko daga bas, ko yana ɗumama jiki da gaske ko wasa yake, yadda ya yi da fuskarsa da alƙalin wasa ya zalunce shi, in an fitar da shi sau uku a jere ya koma benci ya jefar da hular kwano ne ko ya zauna yana kallon mai jifan. Har gida suke zuwa su zauna da iyaye. Dalili, besbol wasa ne na faɗuwa, gwanin gwanaye ma a cikin zuwa goma sau bakwai fitar da shi ake yi, kuma yawancin yaran nan ba su taɓa sanin faɗuwa ba, tun suna shekara takwas su ne zakarun unguwa.

Billy Beane shi ne misalin da kowa ke kawowa. A sakandarensa ta San Diego komai yana da shi, tsayi, gudu, hannu, ƙarfi, New York Mets suka ɗauke shi na 23 a zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyi ke yi zagaye-zagaye duk shekara, a 1980, ya bar gurbin karatu a jami'ar Stanford ya karɓi dala 125,000. A babban lig wasa 148 kacal ya buga, hom-ran (bugun da ke fitar da ƙwallo ta saman shingen fili) uku. Daga baya da ya zama babban manajan ƙungiyar Oakland sai ya zama shi ne kan gaba wajen cewa kar a yarda da ido kawai a duba alƙaluma, ka ga abin dariya, ido ne ya ruɗu a kansa shi ya sa ya daina yarda da ido.

Amma juya ɗaya gefen. A 2009 Mike Trout yana sakandare a Millville ta jihar New Jersey, wajen da sanyi ke hana wasa watanni, ana ganin yaran can ba sa haɗuwa da abokan karawa masu ƙarfi kamar na Teksas da Fulorida da Kalifoniya. Sai da aka ɗauki mutum 24 kafin shi. Mai kula da yankin na ƙungiyar Angels da ta ɗauke shi, Greg Morhardt, shi ya nace a kansa, yaron nan kuma ya zo ya ci kyautar gwarzon lig sau uku, 2014 da 2016 da 2019. Wani abin da aka ƙara fahimta daga baya shi ne shekaru, Trout bai cika 18 ba ranar da aka ɗauke shi, kuma ɗan 17 da ke yin abin da ɗan 19 ke yi a aji ɗaya ba ɗaya suke ba sam, yanzu kowace ƙungiya tana saka watannin haihuwa a lissafinta.

Matsalar alƙaluman sakandare kuma ita ce ba su da ma'auni ɗaya. Yaro zai buga abin mamaki a ƙaramin gari inda mai jifa mafi ƙarfi bai wuce mil 78 ba, da kulkin ƙarfe wanda ko ba ka same ta a tsakiya ba za ta tafi. An ma rage wa kulakan ƙarfen kaifi da dokar BBCOR a sakandare tun 2012, duk da haka ba kamar katako ba ne, ƙwararru kuwa katako zalla suke amfani da shi. Shi ya sa wasannin bazara da na kaka suka fi na makaranta daraja a wajen mafarautan, irin Area Code Games a Kalifoniya da babbar gasar Perfect Game da ake yi a garin Jupiter na Fulorida a watan Oktoba, can ne za a ga yaro da katako a hannu yana fuskantar mil 93, a ga ko idonsa na rabe ƙwallo mai lanƙwasa da miƙaƙƙiya a cikin ƙasa da rabin sakan.

Kuma duk da na'ura da dattawan a haɗe kuskure bai ƙare ba. Mike Piazza sai a zagaye na 62 aka ɗauke shi a 1988, mutum na 1,390, shi ma alfarma ce don Tommy Lasorda, kocin Dodgers da suka ɗauke shi, abokin babansa ne. Ya gama da hom-ran 427.

TAMBAYA: Malam ni uwa ce, hankalina ba a kwance yake ba. Yarona shekara 15, mai jifa ne, yana kai mil 84. Kocin wata ƙungiyar bazara ya ce masa in bai kai 90 ba kafin baɗi babu jami'ar da za ta kalle shi. Yanzu ƙungiya biyu yake wa wasa, ga wani horo na ƙwallaye masu nauyi, kuma kwanan nan na lura yana yawan murza gwiwar hannunsa ta ciki, in na tambaya ya ce ba komai. Babansa ya ce in bar shi namiji ne. Me zan yi?

AMSA: Hajiya, ki kai shi wajen likitan ƙashi da jijiya na 'yan wasa a satin nan, kuma kar ya sake jifa sai likitan ya gani. Wannan ita ce amsar, sauran bayani ne don ki samu abin faɗa wa babansa.

Daidai inda kika ga yana murzawa akwai wata 'yar jijiya da ke riƙe gwiwar hannu ta ciki, duk jifa mai ƙarfi ita ke ɗaukar nauyin, kuma nama yana ƙara ƙarfi da horo cikin watanni amma ita ba ta bin sa da wannan saurin. A shekara 15 ma ƙashin wajen wani yaron bai gama haɗewa ba. In ta tsinke sai tiyatar da ake kira Tommy John, sunan ɗan wasan da likita Frank Jobe ya fara yi wa a 1974, a ciro jijiya daga wani wuri a jiki a dasa, sannan jinya shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Shi Tommy John ya dawo ya yi wasa har 1989, wannan nasarar ce ma ta sa wasu iyaye ke ɗaukar tiyatar kamar canza tayar mota, har da masu cewa tana ƙara saurin jifa. Ba ta ƙarawa. Kuma ba kowa ke dawowa yadda yake ba.

MLB da hukumar USA Baseball sun fitar da ƙa'idoji a 2014 da suka kira Pitch Smart, ki nema ki buga a takarda ki manna a firij. Ɗan 15 zuwa 16 kar ya wuce jifa 95 a rana, in ya kai 76 to hutun kwana huɗu. A shekara ya samu aƙalla wata huɗu ba ya jifan gasa, biyu zuwa uku daga ciki a jere ko ƙwallo kar ya wurga ta saman kafaɗa. Kuma sun faɗa ƙarara a guji yi wa ƙungiya fiye da ɗaya wasa a lokaci guda, don kowane koci nasa kawai yake ƙirgawa, wancan ya sa shi 70 ranar Juma'a wannan ya sa shi 60 ranar Lahadi kowa na ganin bai karya doka ba, hannun kuwa guda ɗaya ne. Ke ce za ki riƙe littafin ƙirgar, ba su ba.

Zancen kocin kuma, eh gaskiya ne 90 lamba ce da ke buɗe ƙofa, ba zan ɓoye miki ba. Amma 84 a shekara 15 ai yaron yana kan hanya, mafarautan da suka san aikinsu in sun ga siririn yaro mai dogayen gaɓɓai yana jifa cikin sauƙi ba tare da yunƙuri ba sun san saurin zai zo da kansa in jiki ya cika, sun ma fi son sa a kan wanda ya riga ya cika yana matse 90 da ƙyar da jijiyar wuya a tashe. Sannan suna duba ko yana saka ƙwallo inda ya nufa, ko yana da jifa ta biyu mai lanƙwasa, ko salon nasa iri ɗaya ne kowane lokaci.

Ki ba babansa labarin Tyler Kolek. A sakandare a Teksas yana wuce mil 100, Miami Marlins suka ɗauke shi na biyu a duk ƙasar a 2014 suka ba shi dala miliyan 6, a 2016 aka yi masa tiyatar, bai taɓa taka babban lig ba. Wanda aka ɗauka na ɗaya a shekarar, Brady Aiken, shi tun a gwajin likita Houston Astros suka ga abin da bai kwanta musu ba a gwiwar hannunsa, aka rage kuɗin da aka yi magana na dala miliyan 6.5, cinikin ya watse, a 2015 shi ma aka yi masa tiyata, shi ma bai kai ba. Tun da aka fara zaɓen 'yan wasa a 1965 ba a taɓa ɗaukar mai jifa da hannun dama daga sakandare a matsayin na ɗaya ba, ƙungiyoyin da kansu tsoron hannun yara suke. Greg Maddux kuwa da aka ɗauka a zagaye na biyu a 1984, ɗan siriri daga Las Vegas wanda ba a san shi da jifan tsawa ba, wasa 355 ya ci.

Zancen namiji ne a bar shi, ai jijiya ba ta san wannan ba.

TAMBAYA: Malam ƙanena yana ajin ƙarshe, wata jami'a ta yi masa tayi, kuma mutanen ƙungiyoyi biyu sun zo gida sun tambaye mu nawa za mu karɓa ya fasa karatu. Mun rasa amsar da za mu ba su. Wanne ya fi?

AMSA: Tambayar da suka yi muku ba ta raini ba ce, aikinsu ne, kafin su kashe zaɓinsu a kan yaro dole su san zai sa hannu ko ba zai sa ba. Kuma lambar da kuka faɗa za ta zagaya, don haka kar a faɗe ta a tsaye a bakin ƙofa.

Ga yadda filin yake. Yaran da ke besbol a sakandaren Amurka sun haura 450,000. Zaɓen kuwa a da zagaye 40 ne, a 2020 aka yi biyar saboda korona, daga 2021 ya tsaya a 20, wato mutum ɗari shida da 'yan kai a shekara kuma mafi yawansu 'yan jami'a ne. A shekarar 2021 ɗin ce kuma aka rage ƙananan ƙungiyoyin raino zuwa 120, gurbin koyo a hankali ya ragu kenan. Na can sama suna kwasar kuɗi ba wasa ba, Jackson Holliday da Baltimore suka ɗauka na ɗaya daga sakandare a Oklahoma a 2022 dala miliyan 8.19 ya karɓa. Amma in aka wuce zagaye na goma yawanci abin bai wuce dala 150,000 ba, a cire haraji a cire na wakili, sannan albashin ƙananan lig ko bayan yarjejeniyar da ta ɗaga shi, a 2023 daga dala 19,800 ya fara a shekara, matakin ƙarshe kafin babban lig 35,800.

In ya zaɓi jami'a mai shekara huɗu, ba zai sake shiga zaɓen ba sai ya gama shekara uku ko ya cika 21. Kwalejin shekara biyu kuwa bayan shekara ɗaya ma yana iya shiga, mutane na raina wannan hanyar alhali ta nan Albert Pujols ya bi, zagaye na 13 a 1999. Ku kuma karanta tayin jami'ar da kyau, shekara da shekaru tallafin karatu 11.7 kacal dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, ta yarda ƙungiyar besbol ta raba wa yara sama da talatin, sai a 2025 aka sassauta, don haka kalmar tallafi ba lallai tana nufin an ɗauke muku komai ba, ku tambaya kashi nawa ne kuma na shekara nawa.

Ni dai a ganina, in kuɗin ba wanda zai canza rayuwarsa ba ne ko da wasan bai yi ba, ya tafi makaranta. In kuma an kai ga sa hannu, ku tabbatar an rubuta kuɗin karatun gaba a cikin kwantiragin, ana yin haka, amma sai an nema. In an gayyace shi babban gwajin da MLB ke shiryawa kafin zaɓe tun 2021 ya je, can ana auna gudu da tsalle da ƙarfi a kuma yi hoton gaɓɓai, ƙungiyoyi 30 duk suna wajen.

TAMBAYA: Kawu ni ne ɗan wasan da kaina, shekarata 16, tsayina ƙafa 5 da inci 7, ina tsaron tasha ta biyu. Duk taron gwajin da na je dogaye ake kallo. In haƙura ne?

AMSA: Ɗana, ba zan yi maka ƙarya ba, dogo ana ba shi uzuri sau uku kafin a ba ka sau ɗaya, shi sai ya nuna ba zai iya ba, kai sai ka nuna za ka iya. Jose Altuve ƙafa 5 da inci 6 ne, da ya je gwajin Astros a Benezuwela korar sa aka yi ana ganin ƙaryar shekaru yake, washegari ya dawo da takardar haihuwa, dala 15,000 aka ba shi a 2007, bayan shekara goma ya zama gwarzon lig. Mookie Betts da kaɗan kawai ya fi ka tsayi, sai zagaye na biyar Boston suka ɗauke shi a 2011.

Taron gwaji na kwana ɗaya ba naka ba ne, an yi shi ne don masu lambobi. Kai ka nemi gasar da za a gan ka wasa huɗu biyar a jere, ka sa a ɗauki bidiyon bugunka na cikin wasa da mai jifa na gaske ba na kan turke ba, har da wanda aka fitar da kai kar ka yanke, ka haɗa da sakamakon jarrabawarka ka tura wa kociyoyin jami'o'in da ka san za ka samu shiga fili. Gudun yadi 60 ɗinka kuma ba ka faɗa min nawa ne ba, ka auno ka sake rubuto min.